Ramin da ba a gani shi ke cinye asusu

  

A wannan wata mun ɗauko maganar da ba a cika yi a bainar jama'a ba, wato maganar salga da fos. Mun san wasu za su ce haba, duk maganar duniya a rasa ta yi sai ta bayan gida? To ku yi haƙuri ku karanta. Da muka buɗe littafin rancen ƙungiyarmu muka duba dalilan da suka sa mata ke kasa biya a kan lokaci, mun tarar da ramin nan a ciki, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Wani lokaci yakan zo da sunansa, "gyaran salga". Wani lokaci yakan ɓuya a bayan wani suna, "kuɗin magani" ko "an kwantar da yaro a likita".

Abin da ya faru da ƴar uwarmu

Akwai wata ƴar ƙungiyarmu, mai sayar da ƙuli da man gyaɗa. Ta ba mu izinin ba da labarinta amma ban da suna. Shekara da shekaru tana zubi, tana haɗa rabonta da na adashe, har ita da maigidanta suka sayi fili a bayan gari, kan hanyar Libore. Suka yi ɗaki biyu da katanga, suka gina rijiya a tsakar gida tunda pampo bai iso wurin ba. Da aka zo maganar bayan gida kuɗi sun ƙare. Wani magini ya ce zai yi musu fos a kan rabin abin da wasu suka faɗa. Cikin rani ya haƙa rami guda, ya jera bulo, bai yi shafe a ciki ba, ya rufe da siminti ba ƙofar dubawa. Tsakanin ramin da rijiya taki bakwai ne kacal.

Shekarar farko lafiya lau. A damina ta biyu, cikin watan Agusta, ƙasa ta sha ruwa, gefe guda na ramin ya zabtare, ruwan rijiya ya canza wari. Kafin a farga jikokinta biyu sun kwanta da zawo, ƙaramin har sai da aka yi masa ƙarin ruwa. Rancen jika talatin da ta ɗauka don sayen gyaɗa, rabi ya tafi magani, rabi ya tafi wajen masu yasa. Ranar biya ta zo ta zauna can bayan tabarma, kanta a ƙasa. Shugabarmu ta ce mata, "Yaya, ɗago kanki, ba sata kika yi ba. Faɗa mana abin da ya faru." Da ta gama bayani sai wata dattijuwa a cikinmu ta ce, "Ƴata, ai ba ke kaɗai ba ce, ni ma bara haka ta same ni, kunya ce ta hana ni faɗa."

Daga nan muka ce lalle wannan magana ta shiga fili. Araha ba ta ado, kuma ramin da aka yi ba daidai ba sau biyu ake biyan kuɗinsa.

Mu fara da tambaya: fos ko salga?

Da yawa muna ganin fos ita ce ta masu hali, salga ta talaka. Ba haka ba ne. Fos da ruwa take aiki. In gidanki ba pampo, da ƴan garuwa kike sayen ruwa ko daga rijiya kike ja, kuma ba a iya zuba ruwa mai yawa duk lokacin da aka shiga, to fos za ta riƙa toshewa, kuɗinki ya tafi a banza. A irin wannan gida, ko a ƙauyukanmu irin su Karma, Hamdallay da Ndunga, salga mai kyau ta fi: rami mai gini a bakinsa, murfin siminti mai santsi da ake iya wankewa, da tiyon shan iska da ya zarce rufin ɗakin, an ɗaure bakinsa da ragar waya. Iska na fitar da wari ta sama, ƙudaje kuma su bi haske su hau tiyon, raga ta tare su su mutu a can. A ƙasar Zimbabuwe aka fara irin wannan salga a shekarun 1970, yau ta bazu ko'ina a Afirka.

In akwai wuri, a yi rami biyu kusa da juna. A yi amfani da ɗaya har ya kusa cika, a rufe shi da ƙasa, a koma ɗayan. Bayan shekara biyu abin da ke cikin na farko ya bushe ya zama kamar baƙar ƙasa, ana iya kwashe shi da shebur a kai gona ko gindin itatuwa. Manoma a yankin Agiye, jihar Maraɗi, sun daɗe da gwada taki daga irin waɗannan salgogi, har fitsarin da aka tara aka ajiye suna kiransa takin ruwa.

Amma in kina da pampo, ko gidan haya ne mai mutane da yawa, ko ana son bayan gida a cikin ɗaki, to nan fos ta dace.

Yadda fos ke aiki

Mu fahimci abin, don kada magini ya raina mana wayo. Fos ta gaskiya ba rami ɗaya ba ce. Akwati ne na siminti a cikin ƙasa, wanda ruwa ba ya fita ta bangonsa ko ƙasansa, an raba shi ɗaki biyu, wasu har uku. Ɗakin farko shi ne babba, yakan ɗauki kashi biyu cikin uku na tsawon. Ƙazanta na shigowa nan, mai nauyi ta kwanta ƙasa ta zama laka, maiƙo da kumfa su taso sama. A cikin lakar akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ke cinye ƙazantar suna rage ta dare da rana, ba a biyansu ko dala. Ruwan tsakiya, wanda ya ɗan washe, shi ke wucewa ɗaki na biyu ta wata kafa a bangon tsakiya, ya ƙara kwanciya, sannan ya fita ta tiyo zuwa ramin tsotsa, wanda maginanmu ke kira pwizar. Shi wannan rami ba a shafe shi. Ana barin kafofi a jikin bulo ko a cika shi da duwatsu, don ƙasa ta shanye ruwan a hankali ta tace shi.

Ku lura da kyau: ruwan da ya fito daga fos bai zama mai tsabta ba. Har yanzu yana ɗauke da cuta. Ƙasa ce ke ƙarasa aikin, kuma ƙasa na bukatar wuri. Shi ya sa ma'aikatan tsabta ke cewa ramin tsotsa ko ramin salga ya yi nisan aƙalla mita 15 daga rijiya, in da hali mita 30, musamman a ƙasa mai rairayi irin tamu inda ruwa ke gudu da sauri. Ya kasance kuma a gangare, rijiya tana sama da shi. Ba rijiyarki kaɗai ba, har da ta maƙwabta, don ruwan ƙasa bai san katanga ba. Sannan gindin ramin ya bar aƙalla mita ɗaya da rabi zuwa biyu tsakaninsa da ruwan ƙasa.

Nan ne da yawa ke faɗawa. Ana haƙa rami a rani, a ga ƙasa busasshiya, a ce madalla. Alhali a unguwannin bakin kogi irin su Saga, Lamorde da Kirkisoy, da masu kusa da kwarin Gunti Yena, ruwan ƙasa na tasowa sosai da damina. Kafin a sa diga, a tambayi tsofaffin unguwa inda ruwan rijiyoyi ke kaiwa a watan Satumba. Wannan shi ne ma'auni, ba na watan Afrilu ba. In ruwan na kusa, kada a zurfafa rami. Gara a ɗaga ginin sama da ƙasa, a yi masa matakala biyu ko uku.

Abin da za mu tsaya a kai ranar gini

Tun ran gini, ran zane. Ko maigida ne ya ɗauko magini, mu ne ke wuni a gida, idonmu ne a kan aikin. Ga abin da ba za mu yarda a tsallake ba.

A zuba kankare a ƙasan fos, a shafe bangon ciki da siminti mai kyau, a goge shi ya yi santsi. Tsawon ya ninka faɗin sau biyu ko uku, zurfin ruwa kuma kada ya gaza mita ɗaya da ɗan kai. Tiyon fita ya kasance ƙasa da na shiga da kamar yatsa uku zuwa huɗu, in ba haka ba ruwa zai riƙa komowa. Bakin kowane tiyo a cikin fos a sa masa mahaɗi mai kai uku, wanda ƙafarsa ke nutsewa cikin ruwa, don kumfa da maiƙo kada su bi su toshe ramin tsotsa. Tiyon da ya taso daga bayan gida ya gangara kamar santimita 2 a kowace mita. Kowane ɗaki ya samu ƙofar dubawa mai murfi mai nauyi da yaro ba zai iya ɗagawa ba. A sa tiyon shan iska da raga a bakinsa, don sauro ma na son irin wannan wuri. Murfin saman a sa masa ƙarfen gini, a riƙa yayyafa masa ruwa safe da yamma har kwana bakwai, kuma siminti ba ya gama ƙarfi sai ya kai kwana 28. A zaɓi wurin da motar zuƙa za ta iya kusanta, kada kuma a yi ɗaki ko a ajiye mota a kansa.

Sai babban gwaji, wanda ba ya cin komai sai ruwa: kafin a biya cikon kuɗin aiki, a cika fos da ruwa, a bar siminti ya sha na kwana ɗaya, a ƙara cikawa, a yi alama da gawayi a bango, a dawo washegari. In ruwan ya sauka sosai, tana yoyo, a gyara kafin a rufe. In bai sauka ba, a bar ruwan a ciki, don da ruwa fos ke fara aiki. Ki ce wa magini, "Malam, ba rashin yarda ba ne, kuɗin ƙungiya ne, sai mun ga ruwa ya kwana." Magini na ƙwarai ba zai ji haushi ba.

Kula da ita yau da gobe

Fos kamar ciki take, abin da aka ba ta shi ke sa ta lafiya ko ciwo. Leda, tsumma, audugar mata, kunzugun jarirai na kanti, toka da rairayin wanke tukwane, duk ba sa narkewa, cika ta kawai suke yi. A ajiye bokiti mai murfi a bayan gida don irin waɗannan. Sannan mu daina antaya girezil da ruwan jabel da yawa a ciki da sunan kashe wari. Suna kashe halittun nan masu yi mana aiki, laka ta taru da sauri, warin ma ya ƙaru. Kaɗan na goge ƙasa ba laifi. Baƙin mai na mota kuwa kada a kusanta shi da ramin, don yana toshe ƙasa kuma yana gangarawa ruwan da muke sha. Ruwan sama na indararo kada ya shiga. Ruwan wanki da wanke-wanke ya fi kyau a yi masa ɗan ramin tsotsa nasa dabam, maimakon a watsa shi a titi inda yara ke wasa, abin da ke haɗa mu faɗa da maƙwabta kullum.

Sau ɗaya a shekara, kafin ruwa ya sauka, a ɗaga murfin ɗakin farko, a ja da baya a bar iska ta fita. A samu doguwar sanda, a naɗa farin tsumma a jikinta, a zura har ƙasa, a ɗan jira, a zaro. Inda baƙar laka ta tsaya zai nuna a tsumman. In ta kai rabin zurfin ruwa, lokacin yasa ya yi. A gida mai matsakaicin jama'a hakan kan zo bayan shekara uku zuwa biyar, a gidan haya kuwa ya fi sauri. Kada a jira sai ta amayo. Alamomin da ke cewa an makara su ne ruwa na jinkirin wucewa, tiyo na ƙugi, wari a tsakar gida, ko ƙasa ta jiƙe ciyawa ta yi kore shar a kan ramin tsotsa cikin rani.

In fos na cika duk bayan wata biyu ko uku, ba ita ce ke da laifi ba. Ko ramin tsotsa ya toshe, ko ruwan ƙasa na shiga ta wata tsaga. Kiran mota a kai a kai zubar da kuɗi ne, a nemo tushen. Ramin tsotsa da ya mutu sau da yawa sai an sake duwatsunsa ko a haƙa sabo.

Ranar yasa, da gargaɗi mai nauyi

In mota ta zo, a tsaya a ga an zuƙe lakar ƙasa, ba ruwan sama kaɗai ba. Wasu ruwan suke ja su tafi, bayan wata guda ramin ya sake cika. A bar ƴar laka kaɗan a gindi, kamar yadda ake barin tsohon nono don sabo ya kama, sannan a zuba ruwa. A tambayi mai mota inda zai kai kayan. Akwai wurin da hukuma ta tanada don haka. In ya juye a kwari ko bakin kogi, gobe zai dawo mana a cikin salati da kabeji. Haka ma masu yasa da hannu: kada a yarda a haƙa rami a titi a juye cikin dare. Tun 1993 Nijar ke da dokar tsabtar jama'a, kuma kowace daga cikin gundumomi biyar na birnin Yamai na da ma'aikatan tsabta da ake iya neman shawararsu kafin gini.

Ga gargaɗin, mu faɗa wa mazanmu da samarinmu: kada kowa ya shiga cikin fos, ko an yashe ta. Akwai iska mai guba a ciki da ke sumar da mutum nan take, wata kuma na kama wuta, don haka ba ashana, ba taba a bakin ramin. In wani ya faɗa, kada a bi shi. Sau da yawa mai ceto ne ke zama gawa ta biyu. A kira ƴan kwana-kwana a lamba 18, a buɗe dukkan murafu iska ta shiga.

Me ya sa muka matsa yanzu?

Saboda mun gani da idonmu. A watan Satumba na 2020 kogin Isa ya cika har ya kai wajen mita 7 a ma'aunin Yamai, madatsa ta karye, ruwa ya shiga Lamorde da unguwannin Harobanda. Duk salgar da ke cike a ranar, abin da ke cikinta ya bi ruwan ya shiga ɗakuna da rijiyoyi. A 2021 kwalara ta kama mutum fiye da 5,000 a ƙasar nan. A 2017 ciwon hanta mai sa shawara, wanda ke bin gurɓataccen ruwa, ya ɓarke a Diffa, kuma mata masu ciki ne ya fi kashewa. Duk hanyarsu ɗaya: daga rami zuwa ruwa, daga ruwa zuwa baki. Kuma in yaro ya kwanta, wa ke barin sana'a ta kwana a likita? Mu ne.

Shawarar da muka yanke

Tun da aka fara tsarin Mata Masu Dubara a Maraɗi a 1991, abin da ya koya mana shi ne ƙaramin zubi na iya ɗaukar babban kaya in an jure. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu a ƙungiyarmu mu 25 ne. Mun amince kowace ta ƙara dala ashirin a mako, wato Sefa 100, a jaka ta dabam da muka sa wa suna jakar tsabta. A mako 2,500 ke nan, a shekara 130,000. Mai motar da muka yi ciniki da shi ya sallama mana a kan jika ashirin kowane gida, tunda gidaje da yawa ne a jere. Ke nan gida shida a shekara, da ɗan saura. Cikin shekara huɗu kusan kowa ta samu, daidai lokacin da na farko ke sake bukata. Farashi a unguwarku zai iya bambanta, ku yi naku lissafin. Wadda ba ta da fos, kasonta ya tafi ga murfin siminti, tiyon iska ko gyaran bakin rami. Ba ƙuri'a muke yi ba, sanda da farin tsumma ke nuna wadda za a fara da ita.

Masu zaman haya kuma, ku zauna da mai gida da sauran ƴan haya tun ramin bai cika ba, a san wa ke biyan me, a rubuta. In ya cika ba a yi magana ba, sai zargi da gaba.

Ita kuwa ƴar uwarmu, ƙungiya ta ƙara mata wata uku ba tara. An cike tsohon ramin da ƙasa, an yi mata salga mai tiyo a can kusurwar gida ta gangare, nesa da rijiya iyakar yadda filin ya bari. Rijiyar an yashe ta an sa magani, amma yanzu ta wanki ce kawai, ruwan sha daga pampon unguwa ake sayowa. Makon jiya ta biya kason ƙarshe na rancenta, ta zo mana da ƙuli cike da kwano.

Aikin wannan wata: a taronku na gaba, bayan an rufe akwati, kowace ta faɗi taki nawa ne tsakanin raminta da rijiya mafi kusa, da kuma shekarar da aka yashe shi. Sakatariya ta rubuta. Ku aiko mana da abin da kuka samu ta hannun mai rarraba jarida, za mu kawo shi a fito na gaba, tare da maganar tace ruwan sha da damina.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya sa albarka a zubinmu. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.